Ƙarfen da Ya Tafi Dudunni a Cikin Burodi

Ranar da Kaka ta rasu na yi wata wauta, kuma gara in faɗe ta da bakina tun kafin 'yan gidanmu su ƙara mata gishiri. Na naɗe burodi a leda na ba baƙuwa ban juya gindinsa na duba ba. Iyakar laifin ke nan. Wanda bai taɓa ganin injin burodi na gida ba zai ce to sai me? A ƙasan tukunyar injin akwai wani ɗan ƙarfe, bai fi babban yatsa ba, shi ke juyawa yana kwaɓa fulawa. Kaka muciya take ce masa. Wani lokaci idan burodi ya gasu sai ya fito da muciyar a cikinsa, sai an sa tsinke an zaƙulo ta. Na sha zaƙulo ta. Ran nan dai idona ba ya gani sosai, na manta.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. A gidanmu na Kankia ta cika, da hantsi, bayan ɗan zazzaɓin da ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Da safen ma ita ta sa na zuba kayan burodi. Tana zaune a bakin gado ta leƙa tukunyar ta ce, "Ya yi ruwa. Ƙara cokali guda." Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan. Umma ta aike ni kasuwa, kafin in dawo na jiyo salati tun daga kan kwana.

Cikin ruɗewa ba wanda ya tuna da injin, yana can lungun ɗakinta yana aikinsa. Ana shirya ta gida ya gume da ƙamshin burodi. Can sai ya yi kukan nan nasa na gamawa, ƙii, ƙii, ƙii. Tsohuwar da ke wankan gawa a unguwarmu, wadda aka ce ba ta taɓa tsoron komai ba tun da aka haife ta, sai ga ta a tsakar gida ba takalmi, matan da ke taya ta suna biye, wata har da tsallake turmi. Umma ce ta shiga ta zare waya, ta fito da tukunyar cikin tsumma ta miƙo mini tana kuka. Ni na juye burodin a kicin.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ƙanwar Kaka da aka ɗauko daga Dudunni ta ƙasar Kusada ta yanke jiki ta faɗi. Ƙaramar Kaka muke ce mata. Da ta farfaɗo ɗanta ya ce gara ya mai da ita gida a ranar. Umma ta ce, "Naɗe mata burodin nan, na ƙarshe ne na 'yar'uwarta." Na naɗe. Muciya ta hau mashin ta tafi Dudunni, ni ko a jikina.

A kwanakin zaman makoki aikina kai ruwa da buta ƙofar gida, don haka na ji abin da kowa ya ce. Baba yana kan tabarma, kansa a ƙasa, ana ta "Ya haƙuri? Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta," yana amsawa kamar daga cikin rijiya. Sai wani dattijo ya gyara murya ya ce, "Baiwar Allah mai haƙuri. Ba a taɓa jin kanta ba." Saura kaɗan in saki butar. Kaka ce ba a jin kanta? Matar da in ta ƙwala mini kira direbobin titin Kano zuwa Katsina ke taka birki su duba madubi? Na kalli Baffa, ƙanen Baba, na ga shi ma ya dafe baki da hula.

Mai shayin bakin titi ya zo, wanda Kaka ta sha aika wa cewa burodinsa iska ce da suga. Na ɗauka murna ya zo yi. Ya zauna ya yi kuka har da majina, ya ce tun rasuwar mahaifiyarsa ba mai yi masa faɗa sai ita. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Kaduna, ta riƙa ninke zannuwan Kaka tana warwarewa. Bafulatanar da ke kawo mana nono kuwa ba ta ji labari ba. Ta shigo da sallamarta tana tsokana kamar kullum, "Ina tsohuwa mai mita?" Da ta ga tabarmi sai ta sauke ƙwaryar a ƙofar ɗakin Kaka, ta zauna a ƙasa. Da za ta tafi ba ta ɗauki ƙwaryar ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Na ga in aka bar masu gaisuwa, nan da baɗi za su mai da Kaka wata salihar tsohuwa mai carbi wadda ba ta taɓa jifan kowa da takalmi ba. Wannan ba Kakata ba ce.

Tsoronta nake ji tun ina rarrafe. Tana da sanda, ba ta taɓa dukana da ita ba, amma ta iya nuna mutum da ita har ya ji zafi a wurin. Mijinta take kirana, irin wasan kaka da jika, sai dai ban taɓa jin "mijina" shi kaɗai ba. Kullum da rakiya yake zuwa: mijin banza, mijin da ba cefane, miji mai kunnen zomo. In na ce, "Ni na sake ki, tsohuwa," sai ta ce, "Saki mana. Wa za ta kwashe ka?"

Bayan rasuwar kakanmu namiji Baba ya ɗauko ta daga ƙauye. Haƙoranta sun riga sun yi sallama, shayi da burodi ne abin da take ci da daɗi, burodin bakin titi kuma yana sa ta ƙwannafi. Shi ne Gwaggo ta zo da injin daga Kaduna. Ranar da aka fara kunna shi a tsakar gida, ya ɗauki kwaɓi yana girgiza yana tafiya a kan tebur kamar zai sauko. Kaka ta ja da baya tana a'uziyya.

"Wa ke ciki?" ta ce.

Gwaggo ta ce, "Ba kowa, Iya, wuta ce."

"Abu na tuƙi ba hannu ki ce mini ba kowa?"

Ta kai masa sanda a murfi. Lotsawar tana nan har yau. Ba a yi mako ba ta sa aka kai shi ɗakinta, ta lulluɓe shi da ƙyalle mai aiki kamar kayan amarya, ta hana kowa taɓawa sai ni. Ba don ta yarda da ni ba. Ni ne mai karanta Turancin jikin maɓallan, kuma ni ne wanda za ta iya zagi ba a ce komai ba.

Burodinmu na farko, akuyar Umma ta shinshina ta kalle mu ta wuce. Mun tokare ƙofar bayi da shi har damina. Laifin Kaka ne, ta zuba tafasasshen ruwa kamar za ta yi talge, ta kashe yis. Na faɗa mata haka, kuma na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, takalmi ya wuce ta gefen kunnena. Na biyu laifina ne. Na cika yis don in burge ta, kwaɓi ya tashi har ya daki murfi, sannan ya rufta a tsakiya kamar tsohon kabari. Ta daɗe tana kallonsa ta ce, "Kamarku ɗaya. Kumburi, ba komai a ciki."

Babban faɗanmu a kan gero ne. Ana kawo mata gero daga gonarta ta Dudunni, ta ce ba za ta ci abin da babu hatsin gida a ciki ba, a raba daidai, rabi fulawa rabi garin gero. Na ce ba zai tashi ba. Ta ce a gidan uban wa na koyi tashi. Aka yi yadda ta ce, ya fito gajere, baƙi, mai nauyin dutsen niƙa. Kaka ba ta ce na yi gaskiya ba. Ta jiƙa shi a shayi ta riƙa ci tana lumshe ido, wai ba ta taɓa cin mai daɗinsa ba, ni kuma ina jin yadda take haɗiya da ƙyar. Muka yi kwanaki ba ma gaisawa. Rannan ina wucewa ta ce wa bango, "A gaya wa wancan, tafin hannu guda na gero ya isa." Bango ya gaya mini. Tun daga nan burodinmu ya samu ɗan ƙamshin fura da ba na kowa.

A hankali muka gane halin injin. Ruwa ake fara zubawa, sai man gyaɗa, suga da gishiri a gefe, fulawa ta rufe su, sannan a yi ɗan rami a sama a zuba yis don kada ya haɗu da gishiri tun ba a fara ba. Da bazara ruwan randa muke sawa mu rage yis, lokacin sanyi mu ɗan ɗumama ruwan. Kwalbar yis a gindin randa take zama cikin jiƙaƙƙen yashi, don zafin ɗaki na kashe shi. Idan injin ya fara kwaɓi sai a buɗe a taɓa. Nan ne aikin Kaka. In na tambaye ta yaya ake gane ya yi, sai ta kama fatar kunnena ta murza ta ce, "Kamar wannan." Na yi imani kunnena na dama ya fi na hagu tsawo saboda burodi. Idan kwaɓi ya kwanta yana tashi kuma, ba mai buɗe murfi. In ya gasu ba a yankawa da zafi, ko da yunwa za ta kashe mutum, ita kuwa tana zaune da sanda tana gadi.

Dokar hana buɗe murfi ce ta taɓa cetona. An koro ni daga makaranta saboda na kwaikwayi tafiyar malamin lissafi, ban san yana bayana ba. Labari ya riga ni zuwa gida. Na faɗa ɗakin Kaka na shige bayan gado, sai ga Baba da dorina, yana huci.

"Iya, ina yaron nan?"

Kaka ta ɗaga yatsa. "Shhh. Kwaɓi na tashi."

"Iya, yaron nan ya…"

"Na ce kwaɓi na tashi. Wanda duk ya ɗaga murya a ɗakin ga ya faɗar mini da burodi, ni da shi ne. In faɗa za ka yi, yi a hankali."

Baba, mutumin da ma'aikatan sakatariya ke miƙewa in ya shigo, ya tsaya yana yi mini faɗa da raɗa. Ba a iya riƙe fushi da raɗa. Ya yi ya gaji, ya fita. Da na fito daga bayan gado na duba, ashe ko wuta babu, tukunyar ma a wanke take, a kife. Na buɗe baki zan yi godiya ta ce, "Yi mini tafiyar malamin in gani." Na yi. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce in na ƙara ita da kanta za ta riƙe wa Baba ƙafafuna.

Wata rana ta dawo daga sadakar bakwai ta wata maƙwabciya, ranta a ɓace. An raba musu busasshen burodin kanti. Ta samu Baba yana alwala, ta kira ni ta tsayar a gabansa.

"Ka zama shaida. Ranar bakwai ɗina kada a ba mutane burodin titi su tafi suna zagina a zuci. Wannan mijin banzan zai yi, a injina."

Baba ya ce, "Haba Iya, bar wannan magana."

"In bar ta wa zai faɗa? Kai, ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Har da cewa zan sa mata suga da yawa tunda ba ta nan balle ta hana. A lokacin dariya ce.

Bayan sadakar uku Baba ya dube ni ya ce, "Ka tuna abin da ta ce." Na tuna. Matsalar ita ce injin yana ɗakinta, ni kuma tun ranar ban ko kalli ƙofar ba. In zan wuce sai in zagaya ta bayan turken awaki. A raina tana nan zaune a bakin gado, sanda a hannu, tana jiran ta tambaye ni inda na tsaya da aka aike ni kasuwa. Da rana tsaka na shiga, gida cike da mutane, duk da haka sai da na yi sallama. Ba a amsa ba. Wannan shirun ya fi kowace tsawa da ta taɓa yi mini ban tsoro. An naɗe katifa, sandar tana jingine. Na rungumo injin na fito da gudu har ina buge goshi.

Na ce bari in gwada tun da sauran kwanaki. Na zuba komai yadda muka saba, na danna. Injin ya yi gurnani, fulawa ba ta motsa ba. Na sake dannawa. Tana nan zaune kamar tudun gara. Na tura hannu har ƙasa na lalubo, ba muciya, sai ɗan sandan da take zama a kai yana ta juyawa shi kaɗai. Nan take na ga ledar, na ga hannuna yana ƙulle ta, na ga mashin yana fita.

Ban gaya wa kowa ba. Na ruga wurin mai gyaran fanka a tasha, ya ce irin wannan sai Kano, Kanon ma sai an dace. Na je wurin maƙeri, ya ce ba matsala, in kawo tsohuwar ya ga yadda take. Na dawo gida ina lissafin ƙasashen da mutum zai iya gudu da ƙafa.

Washegari Baffa ya dawo daga Dudunni, inda ya je duba jikin Ƙaramar Kaka. Ya kira Baba da Umma gefe, ni kuma ina wanke kofuna kusa da su, kunnen nan da aka ja ya yi amfani. Ya ce tsohuwa ta sa wuƙa a burodi ta ji ƙas. Ta tona ta ga ƙarfe baƙi mai kama da ɗan gatari, a binne a tsakiyar abincin da ya fito daga gidan mutuwa. Tun ranar ba ta kwana a ɗakinta ba, ba ta cin abin kirki, ta ce ƙafarta ba za ta sake taka gidanmu ba. Mutanen gari kuma sun fara tambayar wa ya ce a ba ta burodin.

Umma ta dafe ƙirji ta ce, "Ni ce na ce."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Na ajiye kofi na ce, "Muciya ce. Ni na manta ban cire ba."

Na rufe ido ina jiran mari. Baba bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Gobe ka bi Baffanka. Da bakinka za ka yi mata bayani, ka karɓo abin mutane." Da dorinar ya ɗauko da na fi samun sauƙi.

Muka kama hanya da sassafe, don Baffa ya ce yadda hanya ta zama yanzu ba ya son la'asar ta same mu a daji. Lokacin girbi ne, an kwantar da gero, dawa ta sunkuyar da kai, mata na roron wake. Ni ban ga kyan komai ba. Ina bayan mashin ina haddar jawabi, kowane rami muka faɗa sai wani yanki ya zube.

Mun sami Ƙaramar Kaka a rumfar surukarta, ta ba mu baya. Baffa ya yi sallama. Aka ce, "Wa ke nan?"

Muryar Kaka ce, ba ragi. Da ta juyo kuma, hancin ne, tsagar ce, har yadda take ɗage gira ɗaya. Na san suna kama, amma da can su biyu ne, ana iya gwadawa. Yanzu da ɗaya ta rage sai ta zama ɗayar. Jawabina ya gudu ya bar ni. Na durƙusa tun daga nesa.

Baffa ya ce, "Inna, ga mai laifin na kawo miki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne ka sa mini ƙarfe?"

"Ni ne. A'a, ba ni ba ne. Injin ne. Amma ni ne."

"Yaro, tsaya wuri ɗaya."

Na jawo wata ƙwarya na sa yatsa a gindinta ina juyawa, ina nuna mata yadda muciya ke kwaɓi daga ƙasa, da yadda take maƙalewa in burodi ya gasu. Yaran gidan suka kewaye ni. Na yi gurnanin injin da baki, na yi girgizarsa, har kukan gamawar na yi. Ba ta yi murmushi ba.

"Tukunya mai muciya a gindi," ta ce. "Mi za a ƙara gani kuma?"

"Wallahi haka yake, Kaka. Ki taimaka ki ba ni ita."

"Ai ta tahi."

"Ina?"

"Tsohuwar rijiya ta bayan gari. Na sa an ƙulle ta a tsumma an jefa."

Baffa ya ce wannan rijiyar tun yana yaro ba a san ƙarshenta ba, kuma bakinta na zubewa, ba mai shiga. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Tun rasuwar ban yi kuka ba, har ana cewa yaron nan zuciyarsa dutse ce. A rumfar nan, gaban yara da kaji, na ɓarke. Ina kuka ina gaya mata wasiyyar, da yadda aka tsayar da ni gaban Baba, da cewa abu ɗaya tak Kaka ta taɓa roƙona, shi ma na aika shi rijiya.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta kori yaran ta ce in matso.

"Ni ban zargi uwarka ba," ta ce a hankali. "Mutane ne da bakinsu. Ni ca nake Yaya ce ta aiko. Tun muna ƙanana ba ta zuwa ko'ina sai ta ja ni, rafi, daji, gidan biki. Duk 'yan ɗakinmu sun tahi, ni kaɗai na rage. Da na ga ƙarfen na ce to, ta ce in taho."

Sai na ga ashe ta fi ni jin tsoro. Na share hanci na ce, "Kaka, in da kiranki za ta yi, kina ganin saƙo za ta ɓoye a burodi? Ƙwala miki kira za ta yi, har mutanen Yashe su amsa."

Sai kafaɗunta suka fara motsi. Ta yi dariya har ta kama haƙarƙari, dariyar ta juye kuka, kukan ya koma dariya. "Ja'iri," ta ce. "Haka take, wallahi haka take." Da ta natsu ta goge ido da bakin zane ta tambaye ni, "Shi injin naku, in an kwaɓa mashi da hannu, ya iya gashi?"

Na tuna akwai wani maɓalli na gashi kawai, wanda ba mu taɓa dannawa ba. Na ce ina jin zai iya.

"Kana ji ko ka sani?"

"Ina ji."

"To ɗauko mini mayafi. Mu je mu ji tare."

Mu uku muka hau mashin, tana tsakiya, ta riƙe rigar Baffa tana yi masa faɗan gudu tun daga Kusada har Kankia. Da muka shiga gida Ƙaramar Kaka ta fara kama Umma ta rungume ta.

Ana gobe sadaka muka fara tun da safe. Ƙaramar Kaka ba ta taɓa yin burodi ba, funkaso ta sani, don haka ta tsuga ruwa har kwaɓin na bin yatsu. Na ƙara fulawa, ta ce na ɓata. Ta ƙara ruwa, na ce ta ɓata. Hannunta ba ƙarfi, ni na riƙa murzawa a akushi har kafaɗuna suka mutu, sai a ranar na san wahalar da ɗan ƙarfen nan yake sha. Muka sa a tukunya muka rufe, ya tashi gwanin kyau. Wuta kuwa babu. Janaretan maƙwabcinmu yana wurin gyara. Muka zauna muna kallon ƙwan fitila kamar masu duban wata. Azahar ta wuce, kwaɓi ya kumbura ya wuce misali, ya yi tsami, ya faɗa. Awaki suka samu.

Fulawar da ta rage ta kwaɓi ɗaya ce. Na ce mu jira wuta tukuna. Ta ce in wutar ta zo ta tarar ba mu shirya ba fa? Muka sake kwaɓawa bayan la'asar. Ban taɓa addu'a da gaske irin ta ranar ba. Rana ta yi ja, kwaɓi ya kusa bakin tukunya, sai fanka ta motsa. Na danna maɓallin. Muka tsare injin, ita da carbi, ni da ido, duk wanda ya zo wucewa sai ta kore shi. Ƙamshi ya fara fita tsakar gida. Gwaggo ta fito daga ɗaki ta tsaya, ta koma da sauri. Injin ya yi kukansa, ba a daɗe ba aka ɗauke wutar.

Ina so in ce ya fito dogo, mai laushi, har liman ya nemi ƙari. Ba haka aka yi ba. Guda ɗaya ne, gajere, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, kuma ya fi na Kaka nauyi. Da safe bayan an yi addu'a Umma ta fito da masa don jama'a, Baba kuma ya sa aka kawo burodin a faranti. Shi da kansa ya yanka, ƙanana ƙanana kamar ƙwayar dabino, ya ce wa mutane, "Wannan ita ta ce a ba ku." Na zagaya da farantin. Mai shayi ya ɗauki nasa ya daɗe yana taunawa. An kai wa mata nasu a ciki. Bai kai sahun baya ba, su masa suka ci. Muciyar tana cikin rijiyar Dudunni har yanzu, Gwaggo tana ta cigiya a Kaduna ba a samu irinta ba. Da na dawo da farantin babu ko ɓurɓushi, ni ban ɗanɗana ba.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata mata makwanci.